Ƙamusun Oxford na Ɗalibai, Bugu na Goma: Mun Auna Shi da “Call” da “Summon”

Mai sayen masara ba ya zazzage buhu gaba ɗaya kafin ya biya kuɗi. Yakan sa a soka ƙarfe a gefen buhun, a zaro 'yan ƙwayoyi ya duba a tafin hannu. Haka muka yi wa Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na goma da ya fito a 2020, wanda shi ne ƙamusun da aka fi tambaya a shagunan littattafai na titin Rwang Pam da kewayen Terminus a nan Jos. Littafin ya haura shafi 1,500, kuma masu buga shi sun ce yana ɗauke da kalmomi sama da 60,000 da jimlolin misali sama da 100,000. Ba wanda zai bi wannan ɗaya bayan ɗaya. Sai muka ɗauki gida guda, wato kalmomin Turanci da ake kiran mutum da su, musamman call da summon, muka duba abin da ƙamusun zai gaya wa Bahaushe game da ma'anarsu, da yadda ake sarrafa su, da inda suka samo asali.

Dalilin zaɓen wannan gida shi ne a nan ɗalibanmu suka fi tuntuɓe. Hausa tana da “kira” guda ɗaya mai faɗin gaske. Uwa ta kira ɗanta, alƙali ya kira mai laifi, ladan ya kira salla, aboki ya kira ka a waya, duk kira ne. Idan ana son bambancewa sai a ƙara wani abu: ya ƙwala masa kira, ya yafito shi da hannu, ya aika a kira shi, ya buga masa waya. Turanci kuwa ya raba aikin ga kalmomi daban-daban, kowace da matsayinta, kuma wanda ya ɗauki wata ya sa a gurbin wata zai iya zagin babba ba tare da ya sani ba.

Hukuncinmu tun daga farko: wajen nuna yadda ake amfani da kalma, ƙamusun ya ci kuɗinsa. Wajen asalin kalma kuwa, bugun takarda ba ya taimaka wa mai saye da komai a kan waɗannan kalmomi biyu, sai ya koma shafinsu na intanet. Wanda bai san haka ba kafin ya biya, zai yi cizon yatsa.

Abin da yake yi da summon

Bayanin summon gajere ne, kuma an tsara shi da kyau. Abin da ya kamata ido ya fara kamawa shi ne alamar da ke nuna cewa kalmar ta harshen hukuma ce, ba ta hirar bakin titi ba. Wannan alama ita ce rabin darasin, amma ɗalibai da yawa tsallake ta suke yi su faɗa kan ma'ana kai tsaye. Daga nan aka jero ma'anonin da lambobi: umartar mutum ya bayyana a gaban kotu, umartar mutum ya zo wurinka, kiran taro na hukuma, neman agaji cikin gaggawa, da kuma tattaro wani abu daga cikin zuciya, kamar ƙarfin hali. A gaban kowace ma'ana an rubuta tsarin jimlar da kalmar ke shiga, wato wa ake kira, zuwa ina, don ya yi me. A nan ne ƙamusun ɗalibai ya fi ƙaramin ƙamusun aljihu nesa ba kusa ba. Na aljihu zai ce maka summon daidai take da call, ya wuce, kuma wannan rabin gaskiya ne mai haɗari.

Abin da ya rage, wanda malami ne kaɗai zai cike shi, shi ne alkiblar kiran. Summon daga sama take saukowa ƙasa. Shugaban makaranta zai iya yi wa ɗalibi, alƙali ya yi wa mai shaida, sarki ya yi wa hakimi. “The principal summoned the prefects to his office” jimla ce lafiyayya. Amma yaron da ya rubuta “I summoned my father” a jarrabawar WAEC yana nufin ya kira babansa ya zo ya ga baƙo, to ya ce ne ya aika a taso masa ƙeyar mahaifinsa. Nahawun bai karye ba, ladabin ne ya karye. Ƙamusun ya yi amfani da kalmar umarni a cikin bayaninsa, don haka ba za a ce ya ɓoye ba, sai dai bai tsaya ya ja kunne ba. Mai karatu da kansa zai lura cewa a misalan da aka bayar, mai kiran kusan kullum mai iko ne, kuma sau da yawa jimlar takan zo ne ta fuskar wanda aka kira: “He was summoned to appear before the committee.”

Akwai tarko na biyu, kuma a nan ƙamusun ya yi abin yabo domin ya ware masa gurbi na kansa. Kalmar summons mai s a ƙarshe, idan suna ce, tilo ce ba jam'i ba. Takarda ɗaya “a summons” ce, biyu kuwa “summonses”. Magatakardan kotu da masu rubuta wa mutane takardar koke sukan yanke s ɗin su rubuta “a summon”, suna ganin sun gyara. Ba su gyara ba. Sannan ana iya mayar da summons ɗin kanta aikatau a harshen kotu, a ce “he was summonsed”, abin da ke sa wasu malamai jan jan biro a kan daidai.

Furuci ma an ba da shi da alamomin sauti. Wasalin farko na summon irin na sun ne da come, nauyin murya a gaɓar farko yake, wasalin ƙarshe kuwa a raunane. Masu cewa “sumon” harafi suke karantawa. Abin dariya shi ne kakanninmu da ba su shiga aji ba sun fi mu jin kalmar daidai, domin daga summons ɗin nan Hausa ta ari “sammaci”. Da kunne suka ɗauke ta daga bakin Turawan mulki da ma'aikatan kotu, shi ya sa ta fara da “sam”, kamar yadda aka ɗauko kotu da lauya da joji da beli. Duk malamin da ke koyar da summon a ajin Hausawa bai ambaci sammaci ba ya bar tsani a ƙasa yana ƙoƙarin hawa katanga da farce.

Call, inda aikin yake

Bayanin call doguwar tafiya ce, kuma a nan ne tsarin littafin yake nuna amfaninsa ko ya gajiyar da mai nema, ya danganta da ko an koya masa karanta shi. Kalmar tana cikin jerin kalmomi 3,000 da Oxford ta ware a matsayin mafi muhimmanci, a matakin farko na mai koyo, wato A1, amma sauƙinta na yaudara ne. Ga yadda ya kamata a bi ta. A fara tabbatar da ana sashen aikatau ne ba na suna ba, domin call tana da duka biyun a ƙarƙashin kai ɗaya. Sannan kada a karanta daga sama har ƙasa. An sa gajerun kanun ma'ana a gefen lambobi, ɗaya na raɗa suna, ɗaya na waya, ɗaya na ɗaga murya, ɗaya na ziyara, da sauransu. A bi kanun da ido har a iso wanda ya dace, sai a tsaya a karanta. Idan call ɗin da ake nema tana tafe da wata 'yar kalma a bayanta, irin su off, on, for, up, back, to ba a cikin lambobin take ba. Tana can ƙarshen sashen aikatau, bayan sashen salon magana. Rashin sanin wannan shi ya sa ɗalibi yakan rufe littafin ya ce babu kalmar.

A wannan sashe na ƙarshe akwai wata 'yar kibiya mai kai biyu da ake sawa tsakanin karɓau da ƙaramar kalmar. Ma'anarta ana iya raba su ko a haɗa: “call off the meeting” da “call the meeting off” duk daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: “call it off”, ba “call off it” ba. Inda babu kibiyar, ba a rabawa. Mutane da yawa sun shekara goma da littafin ba su taɓa buɗe shafukan farko da ke bayanin alamomin ba, alhali minti goma sun isa.

Kurakuran da Hausa ke jawowa a nan sanannu ne. Muna cewa “na buga masa waya”, sai wannan “masa” ta bi ɗalibi cikin Turanci ya rubuta “I called to him” ko “I phoned to him”. Idan waya ake nufi, call ba ta son komai tsakaninta da mutumin: “I called him.” Da zarar an sa to, ma'ana ta koma ƙwala kira daga nesa. Haka kuma “ana kiransa da Malam” takan haifar da “they call him as Malam” ko “with Malam”, alhali Turanci ba ya sa komai a wurin. Ƙamusun ya nuna wannan tsari a fili, da misalai.

Masu fassarar labarai kuma su kula da biyun nan, domin kullum suna cikin kanun jaridu. “Call on” mutum take bi, ita ce “ya yi kira ga”: an yi kira ga gwamnati ta gyara hanya. “Call for” abu take bi, ita ce neman a yi wani abu: an nemi a kwantar da hankali, an nemi a gudanar da bincike. Wanda ya rubuta “called for the governor to” bai yi laifin nahawu ba, amma wanda ya rubuta “called on calm” ya yi. “Call up” kuwa duk wanda ya jira takardar NYSC ya san ta, ita ce kuma ake amfani da ita idan an gayyaci ɗan wasa cikin Super Eagles. “Call somebody names” ba kiran suna ba ne, zagi ne. Kiran sunan da ake yi da safe a makaranta “roll call” ne. Duk waɗannan suna ciki, sai dai a warwatse, wasu a ƙarƙashin call, wasu a ƙarƙashin abokiyar tafiyarta.

Akwai wani ɗan akwati da ke kwatanta phone da call da ring. Taƙaicensa shi ne mutanen Birtaniya suna amfani da duka ukun, Amurkawa kuwa call suka fi riƙewa kuma ba sa cewa ring da wannan ma'ana. Akwatin yana da amfani, amma ƙasashe biyu kawai ya duba. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 muke da namu aikatau, flash, wato a kira a katse kafin a ɗauka don a kira ka, har Hausa ta mayar da shi “filashin”. Wanda zai rubuta wa baƙo daga waje ya sani cewa “flash me” ba za ta isar da wannan saƙo ba, ƙila ma ta ba da wata ma'ana mara daɗi. Ya rubuta “give me a missed call”.

Asalin kalma: gibin da ke cikin bugun takarda

Wannan ƙamus tun asalinsa ba don tarihi aka yi shi ba. A. S. Hornby, malamin Turanci ne da ya koyar a Japan, ya tsara shi don baƙin harshe, Oxford ta fara buga shi a 1948, kuma tun daga 1995 ake sabunta shi duk bayan shekara biyar har zuwa wannan bugu. Manufarsa koya wa mutum yin jimla, shi ya sa aka rubuta bayanan da zaɓaɓɓun kalmomi masu sauƙi, aka kuma bar tarihin kalmomi a waje don a samu wuri. Wanda ya sayi littafin yana neman ya san daga ina summon ta fito, ba zai samu a takarda ba. A shafin Oxford Learner's Dictionaries na intanet, wanda ake shiga kyauta, akwai ɗan sashe a ƙasan bayani da ake dannawa ya buɗe asalin kalmar cikin layi biyu ko uku.

Kada a rikita shi da Oxford English Dictionary, babban ƙamusun tarihi wanda bugunsa na biyu na 1989 ya kai juzu'i 20. Shi ne wanda ya shigar da kalmomin Najeriya 29 a Janairun 2020, ciki har da Kannywood da okada da danfo. Masu saye da dama suna jin labarin a rediyo su zo shago suna zaton littafi ɗaya ne. Gida ɗaya ne ya buga su, aikinsu daban.

Muna ganin wannan gibi babba ne, domin a kan waɗannan kalmomi biyu tarihi ne yake bayyana dalilin bambancinsu. Call ta shigo Turanci ne daga kalla, kalmar tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, mayaƙan tekun nan da ake kira Viking waɗanda suka mamaye arewaci da gabashin Ingila a ƙarni na 9 da na 10 suka zauna suka auri mutanen wurin. Ma'anarta ta farko ɗaga murya ce. Kalma ce ta gona da kasuwa da bakin ruwa, 'yar uwar take da egg da sky da window, waɗanda duk ta wannan hanya suka shigo. Kafin ta yi ƙarfi, tsohon Turanci yana da tasa kalmar, clipian, wadda ta mutu ta bar mata fili. Daga ɗaga murya aka samu kiran mutum ya zo, aka samu raɗa suna, aka samu tsayawa a ƙofar gida a yi sallama wanda ya zama ziyara. Bayan Alexander Graham Bell ya yi rajistar wayar tarho a 1876, sai kalmar ta ɗauki wannan sabon kaya ma.

Summon kuwa ta ƙofar fada ta shigo. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen sarauta da shari'a na ɗaruruwan shekaru, har sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da baki cikin Turanci. A wannan tsakani ne, wajen ƙarni na 13, Turanci ya ari summon daga tsohon Faransanci somondre, tare da su court da judge da jury. Faransancin shi ma daga Latin ya gada, summonere, wadda aka haɗa daga sub, wato ƙarƙashi ko a ɓoye, da monere, wato tunatarwa ko gargaɗi. Ma'anarta ta fari ita ce a tunatar da mutum a asirce, kamar a ja shi gefe a raɗa masa. Abin mamaki, kalmar da ta fara da raɗa ta ƙare da takarda mai hatimi. Wannan monere ɗin ita ce kuma uwar monitor da admonish da monument da premonition, duk akwai tunatarwa ko gargaɗi a cikinsu, har da monitan aji.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan, domin harshensa ya bi irin hanyar. “Kira” tamu ce ta gado. Kalmomin shari'a kuwa, alƙali da hukunci da shari'ar kanta, daga Larabci suka zo tare da malamai da littattafai, sannan Turanci ya ƙara nasa a zamanin mulkin mallaka. Kalmar gida takan zauna a tsakar gida, ta aro ta zauna a zauren hukuma. Ɗalibin da aka nuna wa haka sau ɗaya ba zai sake yi wa mahaifinsa summon ba. Layi biyu na asali a gefen bayanin da sun yi wannan aiki.

Maƙwabtan kalmar

Sauran 'yan gidan an yi musu adalci, ba sai mun daɗe a kansu ba. Beckon ita ce yafitowa da hannu ko da kai, babu murya a ciki, kuma dangin beacon ce, wutar da ake kunnawa don ba da alama. Hail ita ce ta tsayar da tasi ko Keke, asalinta gaisuwa ce ta fatan lafiya daga harshen da ya ba da call, kuma jaridunmu sun fi amfani da ita da ma'anar yabo. Page ta asibiti ce da filin jirgi, a kira sunan mutum ta lasifika. Convene ta taro ce.

Biyu ne suke bukatar a tsaya. Ta farko invite. Gayyata ana iya ƙin amsa ta, sammaci kuwa ba a ƙi. Sashe na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon kiran kowane mutum a Najeriya ya ba da shaida ko ya kawo takardu, kalmar da aka rubuta a wurin summon ce, kuma sashen ya ba da ikon fitar da takardar kamo wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba. Sashe na 129 ya ba majalisun jihohi irin wannan iko, har da ta Filato. Don haka idan labari ya ce majalisa ta yi summon ɗin kwamishina, mai fassara ya ce “ta gayyace shi”, ya zare wa labarin haƙori. A ɗaya gefen kuma, hukumomin tsaro a ƙasar nan sukan ce sun yi inviting ɗin mutum, kowa kuma ya san irin gayyatar. Ƙamusun da aka rubuta a Oxford ba zai koya maka wannan ba, zaman ƙasa ne ke koyarwa.

Ta biyu recall. Idan Najeriya ta ji haushin wata ƙasa, ma'aikatar harkokin wajenta a Abuja takan yi summon ɗin jakadan waccan ƙasar, wato baƙon da ke zaune a wurinta, ya zo ya yi bayani. Idan abin ya yi tsami sai ta yi recall ɗin nata jakadan, wato ta kira shi ya dawo gida. Mataki biyu ne daban, na biyun ya fi nauyi, kuma ana yawan cakuɗa su a fassara. Recall ɗin ce kuma ake yi wa ɗan majalisa idan mazaɓarsa ta gaji da shi, abin da sashe na 69 ya tanada, wanda 'yan jaridar Hausa suka raɗa wa “kiranye”. Zaɓin kalmar ya yi armashi, domin kiranye a asali shi ne asirin da ake yi a jawo wanda ya yi nisa ya dawo gida ko yana so ko ba ya so. Turanci ma yana amfani da summon wajen kiran aljanu.

Jikin littafin, da yadda za a kauce wa jabu

Rubutun ƙanana ne ƙwarai, takardar kuma siririya ce don littafin ya ɗauku. Mai matsalar ido zai sha wahala da fitilar caji. Mai bango mai taushi ya fi araha amma ƙashin bayansa yakan tsage idan ana buɗe shi a shimfiɗe ana dannawa, sai shafukan tsakiya su fara zubewa. Wanda zai sa shi a ɗakin karatu na makaranta, inda hannu hamsin za su taɓa shi a mako, ya nemi mai bango mai tauri ko ya kai a ɗinke masa tun yana sabo. Daminar Jos tana da laima, takarda irin wannan kuma tana shan danshi ta kumbura, don haka kada a ajiye shi a ƙasa ko jikin bango.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma bangonsa yakan yi kama da na ainihi har ba a bambancewa daga nesa. Ciki ake dubawa. A buɗe shafuka masu hotuna masu launi a ga ko launin ya zauna a kan zanen ko ya zame gefe. A duba alamomin furuci, domin su ne ƙananan abubuwan da ke fara dusashewa idan hoton shafi aka ɗauka aka sake bugawa, kuma ƙamusun da ba a iya karanta furucinsa ya rasa kashi ɗaya cikin uku na amfaninsa. A ɗaga shafi ɗaya a haske: idan rubutun baya ya huda har ya hana karanta na gaba, tawadar da takardar ba na ainihi ba ne. A bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, farko da tsakiya da ƙarshe, domin jabu yakan tsallake damin shafuka ko ya maimaita su. Gwajin da muka fi so shi ne a buɗe call ɗin nan a bi ta har ƙarshen sashen su call off da call up, a tabbatar ba ta yanke a hanya ba.

Wasu bugunan suna zuwa da lambar sirri ta shiga manhajar waya da ƙarin abubuwan shafin intanet na wani ƙayyadadden lokaci. Idan bangon ya yi alkawarin haka, a nemi lambar a gani kafin a biya, a kuma tabbatar ba a kankare ta ba. Lokacin yana ƙarewa, ba mallaka ce ta har abada ba. Farashi yana bin canjin dala, don haka a taya a shago uku kafin a yanke shawara, kuma wanda ya faɗi ƙasa da rabin na sauran, akwai dalili.

Ɗan sakandare mai shirin WAEC ko NECO ko JAMB, da ɗalibin Jami'ar Jos, da malamin Turanci, da mai fassara a gidan rediyo, duk littafin zai yi musu aiki shekaru. Ɗan firamare ya yi masa nauyi, a nema masa ƙaramin ƙamus mai hotuna. Ɗalibin lauya zai samu ma'anar summons da subpoena a dunƙule, amma bambancin “writ of summons” da “originating summons”, waɗanda hanyoyi biyu ne na shigar da ƙara a babbar kotu, sai a littattafan shari'a da dokokin kotun. Wanda kuma yake da bugu na takwas na 2010 ko na tara na 2015 a gida, kuma bai yage ba, ba ya bukatar sabo saboda call da summon. Ya riƙe kuɗinsa ya sayi data, ya buɗe shafin intanet ɗin ya danna sashen asalin kalma, ya kuma danna 'yar lasifikar da ke gefen kalmar ya ji furucin da kunnensa.